Muryar Babana Ta Ɓace A Cikin Kwamfutata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, akwai 'yan gidanmu a group ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, na rasa ta inda zan ɓullo.

Ina zaune a unguwar Umbadda nan Sudan, ina da ɗan studio a ɗakin ƙofar gidanmu, ina haɗa wa mawaƙan biki kiɗa. Kun san halin da takunkumi ya sa mu, ba ka iya sayen program na asali, shafin kamfanin ma ba ya buɗuwa daga Sudan, abin da ka samu a filas da shi za ka yi aiki. Bara wani abokin sana'ata ya kawo min sabon fitowa, ya ce beta ne, wato na gwaji, amma yana share hayaniya daga murya. Ɗakina a bakin titi yake, raksha, babur ɗin nan mai ƙafa uku, ba ta daina wucewa, sai na ɗora shi a kwamfutata.

Babanmu a gonakin audugar Jazira ya yi ƙuruciyarsa. Yana da waƙoƙin da suke yi lokacin cirar auduga, da irin Hausar da mu ba ma jin rabinta. Na daɗe ina roƙonsa in ɗauka, yana cewa shi lebura ne ba mawaƙi ba, sai da jiki ya fara ƙi sannan ya yarda. Yakan zauna da kofin shayinsa, ya cire hula don abin sauraro na kunne ya zauna, in ya yi kuskure ya yi dariya ya ce, "Goge wannan, ya walad," wato kai yaro, "kar a ji ni." Ban goge ko ɗaya ba. Amma ban kwafe su ko'ina ba, na bar su cikin program ɗin, wai sai na gama gyara.

Bayan ƙaramar salla Allah ya karɓi abinsa. Da aka tashi daga zaman makoki na kunna kwamfuta don in ji shi, program ya buɗe ya rufe kansa. Na sake buɗewa, sunayen waƙoƙin suna nan, tsawonsu yana nan, amma ciki shiru. Na kai wa mai gyara a Khartoum, ya riƙe ta kwanaki, ya ce beta ɗin ya yi rubutu a kan fayilolin, babu abin da zai dawo.

Mun yi cacar baki da abokin nawa. Na ce bai gargaɗe ni ba, ya ce ai ya faɗa min na gwaji ne, wa ke ajiye abu mai daraja a na gwaji. Gaskiya ya faɗa. Da muka huce sai ya kawo shawara, tunda muryata da ta Baba ɗaya ce, har a waya ana rikita mu, in rera da kaina, shi zai tsufar da muryar, ba mai ganewa.

Inna tana takaba. Ta riga ta gaya wa danginmu na Jazira cewa ranar sadakar arba'in za su ji Malam, haka take kiransa. Ba ta matsa min, in na kai mata shayi kawai take cewa, "An gama gyaran?" in ce saura kaɗan. Jiya ta riƙe hannuna ta ce, "Ba sai ka gyara ba, ɗana. Ko da tarinsa a ciki kawo min, na san tarin."

Ba zan ɓoye muku ba, na gwada shawarar abokina. Na rufe ƙofa na sa abin kunnen da Baba ya sa, na fara, a baiti na biyu na tsaya. Amon yana kunnena, kalmomin babu. Kuma duk duniya mutum ɗaya ya rage da ya san su, ita ce Inna, don a layin da ke kusa da nasa take cirar auduga lokacin da yake rera su.

In na faɗa mata gaskiya, gani nake kamar na sake kawo mata labarin rasuwarsa. In na yi shiru, ranar tana matsowa, mutane za su taso daga nesa. In kuma na ce zan yaudare ta, sai na je gabanta na roƙi kalmomin da zan yaudare ta da su.

'Yan uwa ya zan yi? In faɗa mata yanzu tana cikin takaba, ko in bari? Da wane baki ake fara irin wannan magana? Wanda ya taɓa gaya wa mahaifiyarsa abu mai nauyi ya koya min. Ku sa Baba a addu'a. Anjima zan shiga da shayi, kuma za ta tambaya.