Ƙararrawata a Hannun 'Yan Tsallake

Laraba. Ƙafafuna sun kumbura, amma ina iya cin abinci.

Ƙanwata Loretta,

Ina gaisuwa. Ya yara da mutanen Texas? Nan Seattle lafiya, sai dai shirun ya yi yawa.

Na ji ranar Juma'a tsohuwar makarantarmu za ta buga ƙwallo da 'yan tsallaken kogi a filinmu, wanda aka ci ya fita. Tun ina saurayi nake kaɗa ƙararrawar shanu don kada 'yan wasansu su ji kiran juna. Da na taho nan na bar miki ita, sai kika ba surukinki, ɗan garinsu, wai "ƙarfe ne kawai, Yaya." Ki karɓo ta, ki kaɗa da kanki. Kada a ji muryarta daga ɓangarensu.

Allah ya ba mu sa'a.

Yayanki, Orval

Jikana ya ce zai zo yau ya koya mini kallon wasan a waya. Bai zo ba.