Takardar Ikko Mai Sunan Mutum Biyu

Zuwa ga Malam Dattijo,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Malam, ka taimake ni da shawara, kuma don Allah ka gaggauta. Kwana goma sha shida suka rage mini in yi wata tafiya, ga shi na kasa buɗe baki in faɗa wa kowa a garinmu.

Ni ma'aikaci ne a ofishin hakimi a Wudil, ni ke buga tafireta, ni ke karɓar wasiƙu. Tun ina makarantar midil a Kano nake buga ƙwallon gora, wadda Turawa ke ce wa hoki. A ajinmu mu biyu ne daga Wudil, kuma sunanmu na yanka ɗaya. Ka san yadda ake yi a makaranta, a liƙa wa yaro sunan garinsu, sai muka zama suna ɗaya sak a rajista. A ce Isyaku Wudil, ko da yake ba shi ne sunan ba. Don a bambanta mu, shi ana kiransa Auta, yadda ake ce masa a gida. Ni baya nake bugawa, shi mai tsaron gida ne. Yanzu malamin gona ne a Lajawa, sai ran Juma'a yake shigowa Wudil ya ci kasuwa. Ba mu bar wasan ba. Duk sanda ƙungiyarmu ta Kano za ta buga, tare muke hawa lori mu tafi.

Wata uku da suka wuce aka yi wasan gwaji a Zariya, don a zaɓi waɗanda za su buga wa Nijeriya a gasar da za a yi a Ikko, wato Legas, da waɗansu ƙasashe na Afirka ta Yamma. Dukanmu biyu mun buga. Ni ma ban yi laifi ba ran nan, har wani daga cikin masu zaɓen ya tambayi sunana ya rubuta. Amma in gaskiya za a bi, Auta ne ya burge mutane. Ƙwallo tara na ƙirga da ya tare.

Ran Litinin ta makon jiya takarda ta zo ofis da wannan suna namu. Na buɗe, na ga an zaɓe ni, a zo Ikko a jirgin ƙasa, ga ranar tafiya. Murna ta sa na tashi ina karantawa da ƙarfi, ina fassara wa mutanen ofis da Hausa. Sai da na zo layin ƙarshe na ga an ce, tun da kai ne za ka tsare gida, ka taho da kayan kare ƙafarka in kana da su. Malam, ban karanta musu wannan layi ba. Na tsallake shi na faɗi sunan wanda ya sa hannu, na ninke takardar na sa a aljihu. Ban shirya yin haka ba, bakina ne kawai ya wuce.

Kafin azahar labari ya cika gari. Hakimi ya kira ni ya sa albarka, ya ce a ba ni hutun wata ɗaya. Matata Safara'u ta kama yi mini dambun nama na guzuri. Kawu Ɗantani, ƙanen mahaifiyata, ya kai wa tela yadi, wai kada in shiga Ikko da tsohuwar riga. Duk wannan zan iya jurewa. Na mahaifina ne ya fi damuna. Shekara goma yana faɗa a kan wasan nan, yana cewa magidanci ba ya bin ƙwallo da sanda cikin gajeren wando. Ƙanena da ke gona tare da shi, shi ne ɗan kirki a idonsa. Amma ran nan bayan la'asar ya tsaya a ƙofar masallaci yana gaya wa abokansa ɗansa zai tsaya wa ƙasa. Da na koma gida ya dafa kaina ya yi mini addu'a. Rabona da haka tun ina yaro.

Ran Juma'a Auta ya shigo. Ya same ni kusa da kara, inda ake sayar da shanu, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce ya yi murna, ko ba komai sunanmu ya je Ikko. Ya ce zai aiko mini da sandarsa mai kyau tun da tawa ta tsage an ɗaure. Ko tambayata bai yi ba in nuna masa takardar, alhali tana aljihuna. Na kuma san ya taɓa gaya mini bana ce shekararsa ta ƙarshe, gwiwarsa ta fara ciwo.

Wani lokaci ina gaya wa kaina ƙila mai buga takardar ne ya yi kuskure a layin ƙarshe, ai ni ma an rubuta sunana a Zariya, kuma ofishinmu aka aiko ta. Sai kuma in tuna duk wasiƙun ƙasar Wudil ofishinmu suke zuwa. Na yi tunanin in tafi kawai, in sun gan ni ƙila su sa ni a baya. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya, kada kowa ya je. Abinci ba ya shiga. Safara'u tana tsammanin zumuɗin tafiya ne.

Yaya zan yi, Malam?

Naka,
Mai Takarda a Aljihu, Wudil.

AMSA

Ɗan'uwa Mai Takarda,

Saboda ƙurewar lokaci na riga na aika maka da wannan amsa ta gidan waya ranar da wasiƙarka ta iso. Na buga ta a nan cikin jarida don wasu su amfana.

Bari in fara da abin da ke wajenka. Ba ka saci takarda ba. Da sunanka ta zo, aikinka ne ka buɗe ta, kuma kana da dalilin sa rai. Tsallake layi ɗaya a gaban jama'a, ana cikin yi maka barka, abu ne da mutane da yawa za su yi. Laifin ba a ranar Litinin yake ba. Ya fara daga Talata, kuma kullum ƙaruwa yake.

Kana cewa ƙila kuskuren mai bugawa ne. Yana yiwuwa. Yana ma yiwuwa ku biyun aka zaɓa, wani ya ga suna ɗaya sau biyu ya goge guda. Amma ba kai kaɗai za ka yanke wannan a zuciyarka ba, kai da ke da riba a ciki. Tafiya a haka kuwa ba za ta fisshe ka ba. Ranar farko za su miƙa maka kayan mai tsaron gida, ƙwallo ta biyu ba za ta wuce ba sai sun gane. Kunyar da kake gudu a Wudil za ta same ka a Ikko, ta biyo ka gida, ƙasa kuma ta shiga gasa babu mai tsaron gidan da ta zaɓa. Ƙaryar ciwo ta fi duka muni: ka rasa, ka hana shi.

Kada ka jira Juma'a. Gobe da safe ka ɗauki keke ka tafi Lajawa, ka miƙa wa Auta takardar ya karanta da kansa har ƙarshe. Ka gaya masa tun yaushe ka sani, kada ka rage kwana ko ɗaya. Daga nan ku buga wa masu zaɓen waya tare, ku ce ku biyu ne masu sunan, ɗaya baya, ɗaya mai tsaron gida, wanne ake nufi. In Auta ya yi fushi, hakkinsa ne, ka ba shi lokaci. In kuma kara ta sa ya ce kai ka tafi tun da an riga an sanar, kada ka karɓa. Gurbin ba nasa ba ne da zai yi kyauta da shi. Ka tuna shi ma sai ya nemi izini wajen shugabansa, ga gwiwa da take bukatar shiri. Kai ne mai tafireta, ka buga masa takardar neman hutun.

Mahaifinka kuwa, ka same shi shi kaɗai, kafin ya ji a bakin wani. Ba zan yi maka alkawarin zai ji daɗi ba. Ya yi magana a gaban abokansa, zai ji nauyi, ƙila ya koma faɗansa na da. Amma dattijon da ya shekara goma yana tsoron wasa zai lalata masa ɗa, ina ganin zai gane abin da ya gani in ɗan ya zo da ƙafarsa ya mayar da abin da ba nasa ba. Bayansa sai hakimi, sai Safara'u, wadda ya kamata a ce ta ji tun tuni.

Za a yi surutu a gari mako ɗaya ko biyu, ya wuce. Shekarunka ba su ƙure ba, kuma an riga an san sunanka a Zariya. Ka ci gaba da wasanka. In amsa ta zo Auta ake nufi, ka raka shi tasha a Kano, ka riƙe masa akwati.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar tafiyar gobe, ya bar ku tare, ya ba wanda ya je nasara.

Malam Dattijo.