Ƙanena Ya Rasu, Amma Yana Dariya a Shirinku

Zuwa ga Shugaban tashar labarai ta tauraron ɗan'adam da muke kamawa daga Nijeriya, da kuma mai gabatar da shirin barkwancin siyasa na dare.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku, ni sunana Hafsatu, ina zaune a unguwar Madain Fahd a Jidda. A nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifiyata, don haka idan Hausata ta yi tuntuɓe a yi mini afuwa. Na buga waya tasharku, wata yarinya mai ladabi ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce dariyar da ake ji a shirin ta 'yan kallon da ke zaune a zauren ce. Shi ya sa na kawo maganar fili.

Na farko, ku san wanda nake magana a kansa. Ƙanena Sa'idu lebura ne a wani sito a Khumra, nan Jidda, inda ƙurar siminti ta bar masa tari. Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya rufe kamfani, iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu, aka kama shi a hanyar aiki aka tura shi Nijeriya, ƙasar da bai taɓa takawa ba. A can wani abokinsa ya haɗa shi da masu tara muku 'yan kallo. Aikin shi ne a zauna a yi dariya idan an ɗaga hannu. Da ya gaya mana a waya mun tsokane shi sosai, muka ce ga shi an fara biyan sa kan abin da ya daɗe yana yi kyauta.

Dariyar Sa'idu ba ta ɓuya. Ciki yake ja da ita, tana ƙara irin ta tsohuwar ƙofar ƙarfe, sannan ta ƙare da ɗan tari. Mahaifiyarmu, da muke kira Ummi, ba ruwanta da siyasar Nijeriya, ba ta san gwamna daga sanata ba. Amma ta fara raba dare a gaban talabijin, domin lokacinmu yana gaba da naku, don kawai ta ji ɗanta.

Tarin nan ne ajalinsa. Abokin nasa ya yi masa sutura, ya turo mana hoton kabari. Muka jera kujeru a bakin layi, aka yi zaman makoki da gahawa da dabino kamar yadda ake yi a nan.

Na biyu, kuma shi ne abin da ya hana ni barci. Bayan an kwashe kujerun, wani dare na farka na ji Sa'idu yana dariya a falo. Na sauko daga gado. Da na lallaɓa na leƙa, sai ga Ummi zaune a duhu, hasken talabijin yana wasa a fuskarta, ta ajiye kofin shayi biyu. Mai gabatarwa ya kwaikwayi tafiyar wani minista, zaure ya ɗauka, daga can baya ƙofar ƙarfen nan ta yi ƙara, tarin ya biyo. Ummi ta tura kofi ɗaya wajen talabijin, ta ce ya kurɓa tarin ya lafa.

Abokinsa ya bayyana mini cewa tun lokacin korona kuka daina tara mutane, tsohon faifai kuke kunnawa. Ni na gane. Ummi ba ta gane ba, kuma ban ga laifinta ba, domin a kusurwar allo kun rubuta "kai tsaye". Hujjarta mai ƙarfi ce: ministan da ake yi wa dariyar bayan rasuwar Sa'idu aka naɗa shi, to yaya mamaci zai san shi? Hoton kabari kuwa, ta ce tudun ƙasa duk kama ɗaya ne. Ta daina sa shi cikin addu'ar mamata. Idan maƙwabciya ta ce Allah ya jiƙansa, sai ta ɗaure fuska.

Na uku. Kwanan baya kun yi wasa a kan 'yan takari, wato irinmu Hausawan Saudiyya, da aka sauke daga jirgi da buhuna a ka. Ba na jayayya da sana'arku, mai mulki ya cancanci a ja masa kunne da dariya, ni ma ina darawa. Amma a wasan nan muryar da ta fi tashi ta mutumin da aka sauke daga irin wannan jirgi ce, da silifa a ƙafa. Ba ku tambaye shi ba, kuma ba shi da bakin da zai ce a'a. Wannan ya ƙona mini rai, kuma har yau bai huce ba.

Na huɗu shi ne dalilin gaggawata. Ummi tana da iƙama mai rai. Amma a nan kowa ya san wanda ba shi da kuɗin jirgi yakan bar takardunsa a gida ya je ya zauna inda jami'ai ke kame, a ɗauke shi zuwa tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a mayar. Ana ɗaukar hoton yatsu, kuma ƙofar dawowa ta rufe ke nan. Rannan na tarar da iƙamar Ummi a ƙarƙashin matashi, jakarta ba ta nan. A bakin babban titi na cim mata, da maganin tari a cikin jakar. Ta biyo ni gida ba gardama, ta ce dai ranar ba ta yi ba tukuna. Tsohuwa ce mai ciwon suga, ba ta san kowa a ƙasarku ba sai wanda ke kwance a ƙasa. Ni kuma ina fita aiki, ba zan iya kulle uwata ba.

Saboda haka ga roƙona. Kada ku cire dariyar a ɓoye. Idan ta ɓace dare ɗaya, Ummi za ta ce ciwonsa ne ya tashi, kuma gari ba zai waye mata a gidan nan ba. Ni ba ta yarda da ni, ba ta yarda da limamin unguwa, amma ta yarda da mai gabatar da shirinku, domin a ganinta kullum yana tare da ɗanta. Ina roƙon ya dubi kyamara ya faɗa da bakinsa cewa Sa'idu na Jidda ya rasu, cewa muryar da ake ji tsohuwar ɗauka ce, ya yi masa addu'a. Bayan nan ku goge shi daga faifan, ku kuma bincika sauran muryoyin, don ban yi zaton shi kaɗai ne mamaci a zauren nan ba.

Allah ya ƙara wa tasharku albarka, ya tsare harshenku daga zalunci, ya sa idan taku ta zo a bar ku ku huta.

Abu na ƙarshe, ku ja kunnen mai kula da na'ura. Na lura duk inda mai gabatarwa ya yi shiru, hannunsa ya saba danna dariya. A wannan daren, idan aka ce Allah ya jiƙan Sa'idu, don girman Allah ya ɗauke hannunsa. Ummi za ta kasa kunne ta ji ko zai amsa.

Wassalam.

Hafsatu, yayar marigayi,
Madain Fahd, Jidda.