Sunayen da Ke Cikin Wayar Bature

Birnin Gwari,
Laraba, 9 ga Oktoba.

Baban Patience,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a Minna. Ya ciwon bayan? Na san ka ajiye maganin, ba sai ka rantse ba. Patience lafiya ƙalau, tana gaishe ka.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Yero direba, ni da nake maka dariya in ka ɗauki biro. Maganar ba ta waya ba ce.

Jiya mutanen daji suka tare Malam Bature a hanyar Damari. Sun sake shi, mun gode Allah, amma sun riƙe babur da wayarsa, wayar kuma ba a kulle take ba. Manhajata, Duba Hanya, tana ciki.

Ka san yadda muka riƙe ta shekara biyu, ba gwamnati ba kamfani. Manomi ya ga motsi a hanya ya aiko, in tantance in watsa wa kowa. Kuɗin saƙonni da na hayar na'urar da ke ɗauke da ita suna fitowa ne daga ɗari biyar-biyar ɗin da mutane ke bayarwa duk ƙarshen wata. Abin da ban gaya maka ba shi ne abin da na ƙara a watan Yuni. A taron masu tallafi Baba Philemon ya miƙe ya ce shi bai taɓa ganin gidauniyar da ba a kiran sunan mai bayarwa ba, ko a coci ko a masallaci. Aka yi ta tafi. Daɗi ya kwashe ni, na buɗe shafi na jera su, suna da ƙauye, mutum ɗari biyu da sha ɗaya. Na sa Baba a farko, don shi ya fara bayarwa, shi ya kuma riƙe ni tun rasuwar yayansa, mahaifina.

Na goge shafin tun jiya. Amma ka tuna taƙamar da nake yi cewa manhajata tana aiki ko babu sabis, don komai a cikin waya yake zama? To, wayar Bature tana inda babu sabis. Sunayen suna nan daram, hannuna ba ya kai musu.

Ina jin tsoro. Ka sa mu a addu'a.

Matarka,
Mercy

Birnin Gwari,
Litinin, 14 ga Oktoba.

Baban Patience,

Ina gaishe ka da aiki. Saƙonka ya iso, na gode da ba ka yi min faɗa ba, ko da yake na ji shi a tsakanin layuka.

Abin da nake gudu ya faru. Sun sako wata mata 'yar Randagi mai suna Ma'u, suka ba ta saƙo ta kawo. A gabanta aka karanta sunayen. Sun ce wanda ke sama shi ne shugaban infoma, tunda a ko'ina babba ake fara kira. Baba, da ko saƙo bai iya turawa sai jikarsa ta danna masa! Sun ce in abin nan bai yi shiru ba kafin kasuwa ta sake ci, za su zo su ɗauke shi.

Ni na ja ruwa, ga shi wani yake duka.

Mutane sun fara janyewa, ban kuma ga laifinsu ba. Wani ya zo har gida ya roƙe ni in rantse ban taɓa saninsa ba. Malam Bature kuwa kunya ta hana shi haɗa ido da ni, alhali shi aka yi wa fashi.

Na aika wa Baba ya baro ƙauyensu Randagi ya taho gari. Ya ce masararsa ta bushe a kan kara, saura kwana goma a karya, kuma shi ba ya kwana nesa da kabarin ubansa. Ka san taurin kansa, a wurinsa na gada.

Don haka na yanke shawara zan kashe manhajar ranar Laraba, jajibirin kasuwa. Na san motoci bakwai za su kama hanyar kasuwa ba wanda ya duba musu gaba. Na san matan Damari da ita suke sanin ranar fita gona. Duk na sani. Amma uba ɗaya ya rage min, ba zan ba da shi ba.

Ka gaida maigidan aikinku.

Taka,
Mercy

Birnin Gwari,
Asabar, 19 ga Oktoba.

Baban Patience,

Barka da ƙarshen mako. Muna lafiya, kuma mun zama uku a gidan.

Ban kashe ta ba. Ranar Talata da hantsi ina rubuta saƙon ban kwana ga masu tallafi sai na ji babur a ƙofa. Baba ne, da jaka ɗaya da Littafi Mai Tsarki a hammata. Labari ya kai masa cewa saboda shi zan rufe. Ko ruwa bai sha ba ya hau ni da faɗa. Ya ce manhajar ba tawa ba ce ni kaɗai da zan binne ta, ta duk wanda ya taɓa sa ɗari biyar ce. Ya ce shi ya nace a kira suna, shi zai biya. Tunda shi suke nema, ga shi ya bar musu Randagi, in koma bakin aikina.

Ranar kasuwa manhajar ta fitar da saƙo cewa an ga motsi a gaba. Motocin suka juya a hanya, ba wanda aka taɓa. Washegari mutanen daji suka shiga gonar Baba suka cinna wa masarar wuta. Ba su taɓa mutanen garin ba.

Limamin unguwarmu da fasto sun ajiye akwati mai ƙaramar kafa, kowa ya jefa tallafinsa ba a san na wane ne ba. Abin da aka tara zai kai mu wata mai zuwa. Na gaba kuma sai yadda Allah ya yi.

Ban gaya wa Baba maganar gonar ba, amma ina jin ya sani, don ya daina tambaya. Yana zaune a ƙofar ɗaki yana fuskantar hanyar gida, tuwo kaɗan yake taɓawa. Ya tsira, na gode Allah, sai dai in na dube shi zuciyata ba ta yarda cewa mun ci riba ba.

In za ka taho, ka sayo katifa mai kauri da bargo. Shi yana cewa kwana biyu zai yi, ka bar shi ya faɗa.

Matarka mai kewarka,
Mercy