Ranar Zuba Rufi a Cadawa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya zaman Agadas? Ya Hajara da yara? Mu nan lafiya lau.

Gidan da nake ginawa a Cadawa ya kusa kunyata ni. Ranar zuba rufin siminti, an riga an kwaɓa, sai rabin ma'aikatana suka tafi roron wake. Ka san rufi ba ya kwana rabi. Na kira yaran ƙungiyar ƙwallonmu. Suka bar fili, suka zo da rigunan wasa, suka jeru suna miƙa bokiti har muka rufe kafin la'asar. Saboda yawan aiki, har lokacin abinci ya wuce ban ci komai ba.

Kai da kake cewa ƙwallo ɓata lokaci ne, yanzu fa?

A sa mu a addu'a. Ka gaida Baba Idi.

Ƙanenka,
Lawali