Cuku a Bakin Wuƙata

Brooklyn, 3 ga Maris, 1954

Kawu Feivel,

Kana iya kallon fuskarka a madubi kuwa? Ladabi ya ce in fara da gaisuwa, to ina gaisuwa. Yaya ƙafar? Yaya Inna Gittel da tarinta? Ita kam da zuciya ɗaya nake mata fatan sauƙi.

Shekara tara ina tsaye a shagonka. Kai ka koya mini haɗa pastrami: a jiƙa naman ƙirjin bijimi mako uku a ruwan gishiri, a shafe shi da masoro, a banda shi, a turara, a yanka da hannu da kaurinsa, a ɗora kan baƙin burodi da yajin mustad. Kai ka mare ni ina ɗan shekara sha huɗu don na shigo da kofin madara. Ka ce nama da nono ba sa haɗuwa a shagon Bayahude, ko a mafarki.

To ranar Talata da Malam Teitel mai duba halaccin abincin shagunan Yahudawa ya ɗaga wuƙata ya ga cuku a bakinta, me ya sa ni ka kalla? Ka san ina ɗakin ƙasa wajen gangunan kokwamba. Ka san ɗanka Seymour ne ke shigo da cuku a aljihun kwat, yana narka wa 'yan ofis a kan pastrami don su ce masa wayayye. Malam ya cire takardarsa ta shaidar halaccin abincinmu daga taga, kai kuma a gaban layin mutane ka ce, "Zalman, ajiye rigar aikin nan. Littattafan banza sun cinye maka addini."

Shago huɗu na je neman aiki. Tsoho Pinsker ya ce, "A'a, ga sarkin cuku! Samari, gwada wajen 'yan Italiya mana." Uwargida Lefkowitz da kullum nake miƙa wa ɗanɗano kafin ta saya, da ta hango ni sai ta tsallake titi. Ba abin da na gada sai sunan ubana, shi ka ɓata.

Ka gaida Inna.

Ɗan ƙanwarka,
Zalman

10 ga Maris

Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafar ta yi sauƙi, saƙonka ya iso, har da burodi da naman da ka naɗo a takarda. Na buɗe na ga yankan inji, siriri kamar fatar albasa. Ban ci ba. Ban san abin da ya taɓa shi ba.

Wai in dawo in riƙa aiki a ƙasa har mutane su manta. Wai Seymour zai yi aure bayan Idin Ƙetarewa, kada a ɓata masa. Kawu, ni daga dutse aka sassaƙo ni?

Ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka da na ga rubutunka. Da hannun nan ka ɗauke ni ranar da muka binne Mama. Shi ya sa abin yake ci na.

Amma a littattafan nan da kake raina na karanta wata al'adar kakanninmu. Wanda aka zalunta yana da ikon ya miƙe a majami'a ranar Asabar ya hana a buɗe Attaura har sai an saurare shi. Na tambayi Malam Teitel. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Rabon da in gani tun a tsohuwar ƙasa. Amma ba wanda ya soke ta."

Asabar ɗin nan zan miƙe. Ba wanda zai karanta ko harafi, ba wanda zai tafi cin abinci. Ina gaida Inna, ka ce mata ta zauna a gida. Kai kuwa ka zo da Seymour, ka tsaya a gaban jama'a ka faɗa da bakinka: wa ya yanka cuku da wuƙata?

Ɗan ƙanwarka har yanzu,
Zalman