Gishirin da Muke Wankewa

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinki, ina yi miki albishir: an yi miki takwara. Jikarki Zainabu ta sauka lafiya. Labarin ya same ni muna tsakiyar yankan riɗi a gonakin Gadambaliya. Na yar da lauje na haye lori, ko hannu ban wanke ba.

Kin bar Zainabu tana rarrafe, ba ki ga abin da ta sha ba. Ciki biyu ta yi, duka suka zube. Wuyanta kuma ya fara tasowa, daidai inda naki maƙoƙon yake, wanda kike jan mayafi ki rufe in baƙi sun shigo. Kullum cewa kike, "Gadonmu ne, a bar shi."

Inna, ba gado ba ne. Likitar da ta duba Zainabu ta ce akwai wani sinadari da ake kira yod, wanda abin da jiki ke nema a rana bai kai ƙwayar riɗi ba, amma rashinsa yana kumbura wuya, yana ɓarar da ciki. A gishiri ake sa shi. Na je kasuwar Gadarif na karanta rubutun jikin buhun da kaina kafin in saya. Karatun ajin yamma da na shiga da furfurata ya yi rana.

Watanni suka wuce, ba canji. Sai wata azahar na tarar da surukarki, uwar Zainabu, ta zuba gishirin a ƙwarya tana ɗaurayewa, za ta shanya. Haka kika koya mata, don gishirin zamaninki duk ƙasa ne da tsakuwa. Ashe maganin muke kwararwa bayan danga.

Tun ranar muka daina wankewa, har a gidan Zainabu. Gishirin yana cikin gwangwani mai murfi, Zainabu kuma da ta sake samun ciki ba ta fasa zuwa awo ba.

Ban ga laifinki ba, Inna. Tsabta kike nema mana.

Jiya aka raɗa suna. Tunda bakina ba zai iya kiran sunanki ba, Inna Ƙarama nake ce mata. Na ɗauke ta na shafa wuyanta, sumul.

Allah Ya jiƙanki, Ya raya ta a kan tarbiyyarki. In Ya yarda, wannan Innar ba za ta ja mayafi don ɓoye wuya ba.

Ɗanki mai kewarki,
Adamu